Ƙarafa: Maƙabartar da ta girmi birninta

A wannan makon zan ɗauke ki zuwa wurin da yawancinmu mata ba mu cika takawa ba, wato maƙabarta. A ƙasar Hausa idan aka yi rasuwa, mu ne ke zaune a tsakar gida muna karɓar gaisuwa, maza su ɗauki makara su tafi, su dawo su ce an kai shi makwancinsa. Daga nan sau da yawa zancen wurin ya ƙare. Bayan shekara goma ko ashirin, idan ɗanki ya tambaye ki ina kabarin kakarsa yake, wataƙila sunan maƙabartar kaɗai za ki iya faɗa masa.

Wannan ne ya sa na zaɓo miki tarihin wata tsohuwar maƙabarta da ke birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Sunanta Ƙarafa. Ta kusa shekara 1,400 ana binne mutane a cikinta, kuma a 'yan shekarun nan katafila ta shiga cikinta. Abin da ya raya ta tsawon wannan lokaci, da abin da ke cin ta yanzu, duka sun shafe mu.

Yadda aka fara

A wajajen shekarar 641 Miladiyya, a zamanin halifancin Sayyidina Umar, Sahabi Amru ɗan Asi ya ci ƙasar Masar, ya kafa garin Fusɗaɗ a gefen kogin Nilu. Gabas da garin akwai wani fili mai tsandauri a gindin Dutsen Muƙaɗɗam, inda ambaliyar kogin ba ta kaiwa. Nan Musulmin farko suka riƙa binne mamatansu. Sunan Ƙarafa kuwa ya samo asali ne daga Banu Ƙarafa, wani dangi na Larabawan Yaman da suka sauka a wurin.

Malaman tarihin Masar sun kawo wata ruwaya mai daɗi game da filin. Suka ce Muƙauƙis, shugaban Kiristocin ƙasar, ya nemi sayen gindin dutsen da dinari 70,000. Amru ya yi mamakin wannan kuɗi a kan ƙasar da ba ta noma, ya rubuta wa Umar. Da aka tambayi Muƙauƙis dalili, ya ce littattafansu sun nuna akwai dashen Aljanna a wurin. Umar ya mayar da amsa cewa muminai ne dashen Aljanna, kada a sayar, a mayar da filin maƙabartar Musulmi. Kan wannan ruwaya malamai da yawa suka dogara wajen cewa Ƙarafa waƙafi ce, babu mai ikon mallakar ta.

Birnin Alƙahira da kike ji, sai a shekarar 969 Faɗimiyyawa suka kafa shi. Kin ga ke nan maƙabartar ta girmi birnin da fiye da shekara 300.

Sunayen da kika sani

Idan kin yi Islamiyya ko kina sauraron karatun malamai, kin san mutanen Ƙarafa ko da ba ki taɓa jin sunan wurin ba. Sahabi Uƙubatu ɗan Amir yana can. Imam Laisu ɗan Sa'adu, wanda ya rasu a 791, yana can. Imam Shafi'i, ɗaya daga cikin limaman mazhabobi huɗu, ya rasu a Masar a 820, kuma har yau da sunansa ake kiran babban ɓangaren kudu na maƙabartar.

Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya muna da namu rabon. Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik wanda daga bakinsa Sahnun ya tattara littafin Mudawwana, a Ƙarafa yake kwance. Haka Ashhabu, wani babban almajirin Malik ɗin. Ibn Hajar, mai Fatahul Bari da Bulugul Maram, wanda ya rasu a 1449, shi ma can ne.

Sai Imam Suyuɗi, ɗaya daga cikin Jalalai biyun da suka rubuta Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk watan azumi. Ya rasu a 1505, aka binne shi a wajen ƙofar birni da ake kira Ƙofar Ƙarafa. Wannan malami ya san da zaman ƙasarmu, domin ya taɓa aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Tun kafin zamaninsa ma, a 1324, da Mansa Musa sarkin Mali ya biyo ta Alƙahira a hanyarsa ta Hajji, a yankin Ƙarafa aka ba shi masauki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa wurin ba kufai ba ne a lokacin, tunda ba a sauke babban baƙo a kufai.

Hannun mata a cikin tarihin

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne yawan sunayen mata a cikinsa.

Ta farko ita ce Nana Nafisa, wadda 'ya'yanmu da yawa suke amsa sunanta. Tattaɓa-kunnen Sayyidina Hasan ce, jikan Manzon Allah (SAW). A Madina ta tashi, daga baya ta koma Masar tare da mijinta, ta zama malama wadda maza da mata ke neman ilimi da addu'a a wajenta. An ruwaito cewa Imam Shafi'i yakan ziyarce ta, kuma da ya rasu an biya da gawarsa ta gidanta don ta yi masa salla. An kuma ruwaito cewa da hannunta ta haƙa kabarinta a cikin gidanta, tana shiga tana karatun Alƙur'ani a ciki don kada ta manta da makomarta. Da ta rasu a 824 mijinta ya so ya kai ta Madina, mutanen Masar suka roƙe shi ya bar musu ita. Bayan haka jama'a suka riƙa son a binne su kusa da ita, har wurin ya zama babbar maƙabarta mai ɗauke da sunanta.

A shekarar 976, Durzan, mahaifiyar halifan Faɗimiyyawa Al-Aziz, ta gina babban masallaci a Ƙarafa. A 1211, da mahaifiyar Al-Kamil na gidan sarautar su Salahuddin ta rasu, ɗanta ya binne ta kusa da Imam Shafi'i, ya gina babbar ƙubbar da ke tsaye har yau, mai siffar ɗan ƙaramin jirgin ruwa a ƙololuwarta. Ita ma Shajaratud Durri, macen da ta mulki Masar na wajen kwana 80 a shekarar 1250, ta gina wa kanta makwanci a kan titin da ya nufi na Nana Nafisa.

Waɗannan manyan mata ne masu dukiya. Amma matan talakawa ma sun yi nasu, kuma nasu ya fi daɗewa. Tun ɗaruruwan shekaru al'adar Misirawa ce iyali su fita ziyarar kaburbura ranar Alhamis ko Juma'a, da lokacin Idi. Mata ne ke kwana suna gasa burodi da 'yan ƙulle-ƙullen fulawa, su haɗa da dabino da 'ya'yan itace, a raba wa mabuƙata sadaka ga mamaci. Suna kiran wannan abinci rahama. Yara na biye da su, suna jin ana cewa nan kakanka yake, can ƙanwar babanka take. Ta haka sunaye suka riƙa wucewa daga baki zuwa baki.

Ba kowane malami ne ya yarda da wannan fita ba. Ibnul Hajji, malamin Malikiyya da ya rasu a 1336, mai littafin Madkhal wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake yawan kafa hujja da shi, ya yi kakkausan suka kan yadda mata ke cuɗanya da maza a maƙabartun Alƙahira har su kwana a can. Sarakuna ma sun sha hana matan fita, dokar ta yi ɗan lokaci ta sake. Haka batun gini a kan kabari. Hadisi ya zo da hani a kai, kuma tun a wancan zamani akwai malaman da suka yi fatawar a rushe gine-ginen Ƙarafa saboda filin waƙafi ne na kowa da kowa. Na faɗi wannan ne don kada ki ɗauka ina tallata ƙubbobi. Tarihi nake ba ki yadda ya faru.

Garin da ya tsiro a tsakanin kaburbura

Daga 1250 mulki ya koma hannun Mamalik, wato sojojin da asalinsu bayi ne. Su ne suka buɗe sabon ɓangare a hamadar arewa maso gabashin birnin. Annobar da ta afka wa Masar a 1348 da 1349, wadda ta kashe mutane ba adadi, ta ƙara faɗaɗa maƙabartun. Sarakunan Mamalik ba kabari kaɗai suke ginawa ba. Sukan haɗa da masallaci, da makarantar marayu, da wurin shan ruwa kyauta, da ɗakunan masu ibada, sannan su ware gonaki da shaguna a matsayin waƙafi don a riƙa biyan ma'aikata. Ginin Sarki Faraj ɗan Barƙuƙ, wanda aka kammala a 1411, da na Sarki Ƙaitbai na 1474, suna nan tsaye. Hoton na Ƙaitbai ne a jikin takardar fam ɗaya ta Masar.

To, inda akwai liman da ladan, da malamin yara, da mai ɗebo ruwa, da mai shara, dole a sami iyali. Inda aka sami iyali kuma sai mai burodi da mai kayan miya su biyo. Tun a lokacin rayayyu suke zaune a Ƙarafa.

Yadda suke binnewa ma ya bambanta da namu. Mu a nan kowa da raminsa, a jera itace ko tukwane, a rufe da ƙasa, a yayyafa ruwa. Su kuwa iyalai masu hali suna da abin da suke kira hoshi: fili ne zagaye da katanga da ƙofa, a ƙarƙashin ƙasa akwai ɗakuna biyu, na maza da na mata, inda ake shimfiɗe mamatan gidan, a sama kuma ɗaki ɗaya ko biyu na masu ziyara. Kowane yanki yana da mai kula da shi, turabi, wanda yawanci gadon aikin yake yi daga uba da kaka. Shi ke riƙe da makullai, shi ya san wanda ke kwance a kowane lungu.

Waɗannan ɗakunan masu ziyara su ne suka zama gidajen talakawa a ƙarni na 20. Mutanen karkara suka yi ta kwararowa Alƙahira neman abinci, kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Yaƙin 1967 da Isra'ila ya koro mutanen garuruwan Suwes, Isma'iliyya da Fot Sa'id. Girgizar ƙasar watan Oktoba na 1992, wadda ta kashe mutum fiye da 500, ta raba wasu dubbai da gidajensu. Da yawa suka sami mafaka a maƙabarta, wasu da yardar masu hoshi don su riƙa yi musu gadi, wasu ta hannun turabi. Aka ja wutar lantarki da ruwan famfo, aka buɗe makarantu da shaguna. Turawa suka raɗa wa wurin suna Birnin Matattu.

Ki kwatanta a ranki, 'yar'uwa. Uwa kamarki ta tashi da asuba ta share tsakar gida, ta ɗora shayi, ta shirya yara makaranta, ta shanya wanki, alhali a ƙarƙashin ƙafarta mamatan wasu ne. Ranar da aka kawo gawa, ta tattare kayanta gefe, a buɗe ramin, a gama, a tafi, ta ci gaba da girkinta. Dubban iyalai sun yi rayuwarsu a haka, an haife su a can, sun yi aure a can. Duk wadda ke ƙorafin ƙuncin gidan haya, ga abin da zai sa ta ƙara godiya.

Da katafila ta iso

A 1979 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Alƙahira, har da maƙabartunsa, cikin wuraren tarihi na duniya. Wannan bai hana birnin matse ta ba. Alƙahira da kewayenta yanzu suna ɗauke da mutum fiye da miliyan 20, cunkoson motoci kuma ya zama ciwon kai. Tun shekarun baya aka ratsa maƙabartar da babban titin Salah Salim. A watan Yuli na 2020 aka fara rushe kaburbura a ɓangaren arewa don wani sabon titi da aka sa wa suna Firdausi. A 2023 rusau ɗin ya kai yankunan Imam Shafi'i da Nana Nafisa. A watan Oktoba na 2024 hotunan rushe wata tsohuwar ƙubba ta mahaifiyar ɗaya daga cikin 'ya'yan Muhammad Ali Fasha suka karaɗe intanet.

Gwamnati tana da nata uzurin. Ta ce birni na buƙatar hanyoyi, ta ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riga ya cinye kaburbura da yawa, ta ce gine-ginen da ke cikin rajistar kayan tarihi ba a taɓa su. A 2023 shugaban ƙasa Abdulfatah Al-Sisi ya ba da umarnin a gina sabuwar maƙabarta ta musamman don fitattun mutane. Masana tarihi kuma suka ce mafi yawan abin da ke wurin ba a taɓa yi masa rajista ba, don haka doka ba ta kare shi.

A tsakanin ɓangarorin biyu akwai iyalai. An aika musu da sanarwa su zo su kwashe mamatansu zuwa sababbin maƙabartu a hamada, nesa da gari. Mutum ya shiga rami da sabon likkafani ya tattara ƙasusuwan mahaifiyarsa da hannunsa. Wanda danginsa suka watse ko suka manta da shi, ba mai zuwa dominsa. Mazauna wurin ma an kwashe wasu zuwa sababbin gidaje a gefen gari, nesa da sana'arsu da makarantun 'ya'yansu.

Ki lura da waɗanda suka tsira. A 2022 an shafa jan fenti na alamar rushewa a kabarin Ɗaha Husaini, makahon marubucin nan da ya rasu a 1973. Jikokinsa suka yi magana, jama'a suka tayar da ƙura, hukumomi suka fito suka ce ba za a rushe ba. Ƙubbar Imam Shafi'i kuwa gyara ta samu, aka sake buɗe ta a 2021. Mace ce ta jagoranci aikin, masaniyar gine-gine May al-Ibrashy. Ƙungiyarsu tana tara yaran unguwar Khalifa, maƙwabtan Nana Nafisa, tana koya musu tarihin gine-ginen da suke wasa a gindinsu, domin sun gane cewa yaron da ya san darajar wuri ba zai zuba masa shara ba, kuma idan ya girma zai tsaya masa. Wanda ke da masu ambaton sunansa ya sami masu kare shi. Wanda aka manta, titi ya bi ta kansa.

Mu dawo gida

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Maƙabartun da kakanninmu suka ware a bayan gari, yau a tsakiyar unguwanni suke. Kin san abin da ke faruwa da su, ko kin gani ta tagar Keke Napep ko kin ji a rediyo. Katanga ta zube ba a tayar ba. An mayar da gefe ɗaya juji. Kwatar unguwa ta bi ta ciki. Damina ta zo kaburbura sun rufta. Wani ya ɗan ci taku biyar ya kafa shago, na kusa da shi ya ci goma. Tsofaffin da ke haƙa da gadi suna zaune a rana, abin da masu kai gawa suka miƙa musu shi ne albashinsu. Ba a buƙatar katafila kafin maƙabarta ta ɓace, sakaci ma yana iya cinye ta a hankali.

Za ki ce to ni mace, da ba na zuwa, mene ne nawa? Malamai sun yi saɓani kan ziyarar mata, wannan ki tambayi malamin da kika amince da shi. Amma akwai abubuwan da ke hannunki ko ba ki fita ƙofar gida ba.

Ki san wurin. Ki tambayi maigida, ko yayanki, ko kawunki da ya halarci jana'izar: wace maƙabarta, ta wace ƙofa, kusa da wace bishiya. Ki rubuta a littafi tare da cikakken suna da shekarar rasuwa. Masu wannan sani tsufa suke yi, kuma idan suka tafi da shi suke tafiya.

Ki tura yara maza. Ranar Juma'a ko da Salla, ki ce wa babansu ya tafi da su su yi sallama ga mamata, su yi addu'a, su cire ciyawa, su cike inda ya zaizaye. Ki koya musu addu'ar ziyara tun a gida, da ladabin wurin: ba a taka kabari, ba a zama a kansa, ba a ratsa maƙabarta don yanke hanya.

Ki ba su labari. Yaro ba zai yi wa suna kawai addu'a da zuciya ɗaya ba. Ki gaya masa kakarsa ita ce mai ƙosai da ta biya wa babansa kuɗin makaranta, kakansa shi ne wanda ba ya cin abinci sai da baƙo. Hadisi ya ambaci ɗa nagari mai addu'a cikin abubuwan da ladansu ke bin mutum bayan mutuwa, kuma a cinyarki ake rainon wannan ɗan.

Ki sa hannu a aljihu. Mu da ke haɗa kuɗin anko cikin kwana uku, ba za mu kasa haɗa na buhun siminti, ko fitila mai aiki da hasken rana, ko tankin ruwa, ko buhun hatsi ga masu haƙa ba. Ki kawo maganar a Islamiyya ko a wajen adashi kafin damina ta kankama, a miƙa ta hannun kwamitin maƙabarta ko mai unguwa.

Sannan ki zama mai tsawatarwa a cikin gida. Kada a aiki yaro ya zubar da shara a jikin katangar maƙabarta. Idan maigida ya zo da labarin fili mai araha a gefenta, ki ce a bincika iyakar tukuna. Arahar da za ta sa ki kwana a kan kabarin wani ba araha ba ce.

Mutuwa rigar kowa ce. Yadda 'ya'yanmu suka ga muna yi da makwancin iyayenmu, haka za su yi da namu.

Ina so in ji daga gare ku a ƙasa, wajen sharhi. Wane hali maƙabartar unguwarku take ciki? Akwai inda mata suka haɗa kai suka yi wani abu, don wasu su koya? 'Yan'uwanmu da ke karatu a Azhar ko suka je Alƙahira neman magani, idan kun taɓa shiga Ƙarafa ku ba mu labarin abin da idonku ya gani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haskaka makwancinsu, Ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu.